Birnin Ishbiliya: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Sani Kafin Ya Sauka

Birnin Ishbiliya, wanda mazaunansa su ke kira Sebiya, yana kudancin ƙasar Isbaniya, watau Sifen, kuma shi ne babban birnin lardin Andalus. Mutanen cikinsa sun kusa 700,000. Yana bakin wani kogi da Larabawa suka sa wa suna Wadil Kabir, har yau kuwa sunan bai ɓace ba, sai dai harshen mutanen ƙasar ya lanƙwasa shi ya koma Guadalquivir. Musulmi sun shiga birnin a shekarar 712, suka riƙe shi fiye da shekara 500, sa'an nan Sarki Farnando na Uku ya karɓe shi a 1248.

Sunan Andalus ba baƙo ba ne a zaurukan malaman ƙasar Hausa. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Ƙurɗuba ne, Ibnu Asim mai Tuhfa, wadda alƙalai su ke karantawa, mutumin Garnaɗa ne, Ibnu Malik mai Alfiyya an haife shi a Jayyan, Alƙali Abubakar Ibnul Arabi kuwa, mai Ahkamul Ƙur'an, ɗan Ishbiliya ne. Saboda haka wanda ya sami halin zuwa ya ga ƙasar da idonsa ya yi arziki, gama gani ya kori ji. Amma baƙi da yawa su kan je su komo da ƙorafi, wani ya tarar da ƙofar fada a rufe, wani ya kwana da yunwa, wani rana ta kayar da shi. In aka bi diddigin wahalar tasu, sai a ga ba rashin jin harshe ya jawo ta ba, ba kuma ƙarancin guzuri ba. Rashin sanin lokacin garin ne. Ishbiliya gari ne mai agogon kansa, wanda ya bi shi ya huta, wanda ya zo da nasa ya sha wuya.

Agogon gari

Ga asalin al'amarin. Ishbiliya tana can yamma, kusa da iyakar Fotugal, amma tun shekarar 1940 gwamnatin Isbaniya ta daidaita agogonta da na tsakiyar Turai, watau da na Jamus da Italiya waɗanda ke can gabas. Bayan wannan kuma, daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, a kan ƙara tura agogo gaba da sa'a guda. Da hunturu agogonsu daidai ya ke da na Kano da Yamai, da bazara kuwa ya kan riga shi da sa'a ɗaya. Amma ranar da ke sama ba ta san da wannan shiri ba. A watan Yuni rana ba ta tsayawa tsaka a Ishbiliya sai wajen ƙarfe 2 da rabi, ba ta kuwa faɗuwa sai ƙarfe 10 saura kwata na dare. A watan Disamba gari ba ya wayewa sosai sai bayan ƙarfe 8 da rabi.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci yawancin al'adun garin. Ba a cin abincin rana sai daga ƙarfe 2 zuwa 4, na dare kuwa daga ƙarfe 9 zuwa 11. Baƙon da ya shiga gidan abinci ƙarfe 6 na yamma yana neman abin da zai riƙe masa ciki, sau da yawa sai a ce masa an kashe wuta, ba a sake kunnawa sai ƙarfe 8 ko 8 da rabi. Ƙananan kantuna su kan rufe daga ƙarfe 2 zuwa 5, su sake buɗewa har dare. Ran Lahadi yawancin kantuna a rufe su ke wuni, don haka mai sayayya ya gama da ita tun ran Asabar. Mai kiyaye lokutan salla kuma ya nemi jadawalin garin, kada ya yi aiki da wanda ya saba, ya kuma sani alƙibla a can gabas ta ke, ta ɗan karkata kudu kaɗan, ba arewa ba kamar yadda ta ke a ƙasar Hausa.

Wane wata ya fi

Bahaushe ya kan ce shi ɗan rana ne, zafin Turai ba zai dame shi ba. Wannan magana ba ta ci a Ishbiliya, gama tana cikin biranen Turai mafiya zafi. A Yuli da Agusta ma'aunin zafi ya kan haura digiri 40 kwana da kwanaki, a Yulin 1995 ma har ya wuce 46. Bambancin shi ne, mutum a garinsu ya san inuwar da zai fake, amma mai yawon buɗe ido yana tsaye kan layi bisa dutse mai zafi, ya yi tafiyar ƙasa tun safe. Wanda tafiyarsa ta faɗa cikin waɗannan watanni sai ya yi yadda 'yan gari su ke yi: ya fita da sassafe, ya koma masauki daga ƙarfe 2 zuwa 6, ya sake fita da maraice. Ya riƙe gorar ruwa da hula mai faɗi ko laima. Ruwan famfon garin mai kyau ne, ana shansa, kuma tun 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba mai ci ruwan famfo kyauta in ya roƙa.

Daminarsu kuma a juye ta ke. Ruwan sama yana zuwa ne tare da sanyi, daga Oktoba zuwa Afrilu, bazara kuwa ƙaf ta ke ba ɗigo. Daren Janairu ya kan sauka zuwa digiri 5 ko 6, dole a tafi da rigar sanyi mai kauri. Watannin da suka fi daɗi su ne Maris, Afrilu, Mayu, Oktoba da Nuwamba. Cikin Maris da Afrilu itatuwan lemon da aka dasa a gefen tituna, dubbai ne, su kan yi fure, ƙanshi ya cika gari. Lemon nan fa mai ɗaci ne, ba a shansa haka, dafa shi a ke yi da sukari a yi abin shafa wa burodi, wanda mutanen Ingila su ke so ƙwarai.

Sai dai akwai mako biyu da ya kamata a duba kafin a yanki tikiti. Na fari shi ne makon da ke gaban Ista, wanda su ke kira Semana Santa, lokacin da ƙungiyoyin coci wajen 60 su ke zaga gari dare da rana ɗauke da siffofi, sanye da dogayen huluna masu tsini da ke rufe fuska. A kan toshe titunan tsakiyar gari, tafiyar minti 10 ta zama ta sa'a guda. Na biyu shi ne bikin da su ke kira Feria, wanda ya kan zo kamar mako biyu bayan Ista, da hawan dawaki da kaɗe-kaɗe da raye-raye cikin rumfuna fiye da 1,000, yawancinsu kuwa na iyalai ne da ƙungiyoyi, ba a shiga sai da gayyata. A waɗannan makonni kuɗin ɗaki ya kan ninka biyu ko uku. Mai son kallon biki ya kama ɗaki tun da watanni, mai son ganin gine-gine cikin natsuwa ya kauce musu.

Takardu da kaya

Shirin tafiya ma aikin lokaci ne. Mai fasfon Nijeriya ko Nijar ko Gana yana bukatar biza irin ta Shengen, wadda ke ba mutum izinin zama har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ana iya neman ta tun wata 6 kafin ranar tashi. A ƙa'ida a kan ba da amsa cikin kwana 15, amma tana iya kai kwana 45, samun ranar ganawa kuma shi ma ya kan ɗauki makonni. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun watan Yunin 2024. Lalle fasfo ya zama yana da sauran wata 3 bayan ranar da za a bar ƙasar, da shafi biyu da ba a buga musu hatimi ba, kuma a haɗa da inshorar lafiya wadda ta kai yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin komowa. Kwafin waɗannan takardu su kasance a hannu ranar sauka, don ma'aikacin kan iyaka yana da ikon ya tambaye su ko da akwai biza.

Wanda ya ɗauko tsabar kuɗi da ta kai yuro 10,000 dole ya bayyana ta ga kwastan. Nama da madara da abin da aka yi da su haramun ne shigar da su ƙasashen Tarayyar Turai daga waje, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu su zauna gida, in ba haka ba a ƙwace, wataƙila har da tara. Ramin wutar lantarkinsu mai baki biyu zagayayyu ne, mai kayan Nijeriya masu ƙafa uku ya sayi mahaɗi tun daga gida.

Hanya

Ba jirgin sama da ke tashi daga Kano ko Abuja kai tsaye zuwa Ishbiliya, sai an sake jirgi a hanya. Da yawa su kan sauka Madrid, su shiga jirgin ƙasa mai gudu wanda aka buɗe hanyarsa a 1992. Tsawonta kilomita 470 ne, ya kan cinye ta cikin sa'a 2 da rabi ko ɗan fiye, daga tashar Atocha zuwa tashar Santa Justa. Kowane tikiti da lambar kujerarsa da sa'arsa, ana kuma duba kaya da na'ura kafin shiga, jirgin kuwa ba ya jiran kowa. Tikitin da aka saya da wuri ta intanet ya fi araha nesa da wanda aka saya ranar tafiya. Filin jirgin saman Ishbiliya yana wajen kilomita 10 daga gari, akwai bas mai alamar EA da ke kai mutane har tsakiya. Tasin garin farare ne da ratsin rawaya a ƙofa, koren fitila a kai alama ce ba kowa ciki. Suna aiki da mita, amma tsakanin filin jirgi da gari kuɗin ƙayyadadde ne.

Cikin tsohon gari ƙafa ta fi mota, gama lungunan ƙunci gare su, ƙasa kuwa shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu. Takalmi mai taushi ya fi mai kyau amfani. A lura da hanyar masu keke da aka shata a gefen titi, da jirgin lantarki da ke ratsa babban titin da ke gaban coci a hankali ba ƙara, don baƙo mai kallon sama ya fi kowa shiga gabansu.

Abubuwan gani

Hasumiyar da a ke kira Giralda, a furta Hiralda, ita ce alamar birnin. Hasumiyar babban masallaci ce wadda sarakunan Muwahhidai suka fara a 1184 suka gama a 1198, 'yar'uwar ta Kutubiyya da ke Marrakish. A 1568 aka ƙara mata ɗakin ƙararrawa a bisa, tsawonta duka ya kai wajen mita 100. Ba matakala a ke bi ba, gangare ne mai faɗi da ke zagawa hawa fiye da 30, an ce an yi shi haka ne domin a iya hawa bisa dabba. Masallacin kansa an rushe shi, aka gina coci a gurbinsa cikin ƙarni na 15, yana cikin manyan coci-cocin duniya, kabarin Kolombus ma yana ciki. Abin da ya saura na masallacin shi ne hasumiyar, da farfajiyar alwala mai itatuwan lemo, da ƙofar tagulla mai rubutun Kufi. Wurin ibada ne har yanzu, don haka a ke cire hula a shiga da sutura ta kamala, ran Lahadi kuma ba a buɗe wa masu kallo sai da rana.

Daura da cocin akwai fadar da a ke kira Alcázar, daga kalmar alƙasru. Mafi kyan sashenta Sarki Pedro ne, Kirista, ya sa aka gina a 1364, da magina Musulmi daga Garnaɗa da Ɗulaiɗila, shi ya sa bangayenta su ke cike da rubutun Larabci. A wajen wannan sarki ne Ibnu Haldun ya zo jakadanci daga Garnaɗa. Sarki ya nemi ya zauna wurinsa, a mayar masa da dukiyar kakanninsa waɗanda asalinsu 'yan Ishbiliya ne, amma ya ƙi. Har yau Sarkin Isbaniya ya kan sauka a benen fadar in ya zo gari. A nan ne baƙi suka fi yin hasara, gama yawan masu shiga ƙayyadadde ne, tikiti kuma da sunan mutum da sa'ar shigarsa. Wanda ya zo bakin ƙofa da kuɗi a hannu ya kan tarar an sayar da na ranar duka. A saya tun da kwanaki daga shafin fadar na ainihi, domin akwai 'yan tsakiya masu shafuna da suka yi kama da shi suna ɗora riba, a kuma zo da fasfo. Fadar da lambunanta sun isa cin sa'a 3.

Tsakanin fadar da cocin akwai gidan ajiyar takardun mulkin Isbaniya a nahiyar Amurka, shigarsa kyauta ne. Waɗannan wurare uku UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1987. A bakin kogi kuma ga Hasumiyar Zinariya mai kusurwa 12, ginin Muwahhidai na wajen 1220. Daga wannan kogi ne jiragen ruwa 5 na Magellan suka tashi a 1519, guda ɗaya tak ya komo a 1522 da mutum 18, bayan ya kewaye duniya. Da la'asar sakaliya sai a ƙetare gada zuwa unguwar Triana, wurin masu ginin tukwane da fale-falen ado, ko a nufi dandalin Plaza de España da aka gina domin baje kolin 1929.

Abinci

Alade shi ne sarkin nama a Isbaniya, kuma ya kan ɓuya inda ba a zato. Wanda ba ya ci ya haddace waɗannan kalmomi kamar yadda a ke rubuta su: cerdo shi ne alade, jamón busasshiyar cinyarsa, chorizo da tocino da lomo duk nasa ne, manteca kuwa kitsensa, wanda a kan sa cikin waɗansu kayan zaƙi irin su mantecados da polvorones. Miyar tumatir mai sanyi da a ke kira salmorejo a kan barbaɗa mata jamón a kai, wake da ganye ma a kan dafa su da guntunsa. Kalmar sin ma'anarta ban da, saboda haka sin cerdo, sin jamón, sin alcohol sun isa su fid da mutum. Abin da ya fi sauƙi shi ne soyayyen kifi, wanda garin ya shahara da shi, da wainar ƙwai da dankali, da alayyafo da wake wanda su ke kira espinacas con garbanzos. Akwai gidajen abinci da mahautan halal na mutanen Maroko, musamman wajen unguwar Macarena.

Al'adarsu ce su ci ƙananan faranti iri-iri da a ke kira tapas. Mai son ƙoshi da araha ya nemi menú del día da rana a ranakun aiki, watau kwano biyu da burodi da abin sha a kuɗi ɗaya. Zama a teburin waje ya kan fi na ciki tsada, burodin da aka ajiye ba a roƙa ba shi ma a kan sa shi cikin lissafi. Tukwici ba wajibi ba ne, 'yan canji sun wadatar. Mai kunne zai ji kalmomin da ya sani a bakinsu: azúcar sukari ne, aceituna zaitun, shugaban gari kuma alcalde, tushensa ɗaya da alƙali.

Tsaron kai

Ishbiliya gari ne mai lafiya, mata da yara suna yawo har tsakar dare. Abin tsoro shi ne 'yan sane, a cikin cunkoso da tashoshi da layin shiga fada. Kada a sa walat a aljihun baya ko aljihun gefe na babbar riga, kada a ajiye waya bisa tebur, kada a rataye jaka a bayan kujera. A kewayen coci waɗansu mata su kan miƙo reshen ganye mai ƙanshi kamar kyauta, in mutum ya karɓa sai su kama hannunsa su yi masa duba, su nemi kuɗi. Maganinsu shi ne a ce no, gracias, a wuce ba tsayawa. Keken doki na yawon gari kuɗinsa hukuma ta ƙayyade, a tabbatar da shi kafin a hau.

Fasfo ya fi kuɗi wuyar mayarwa. A ɗauki hotonsa da na biza a ajiye dabam. In ya ɓace, sai a kai ƙara ofishin 'yan sanda a karɓi takardar da a ke kira denuncia, sa'an nan a nufi ofishin jakadanci, na Nijeriya yana Madrid. Lambar neman agaji ta gaggawa 112 ce, kyauta daga kowace waya. Kantin magani ana gane shi da koren gicciye, kullum kuma akwai masu kwanan aiki, a kan liƙa sunansu a ƙofar sauran.

Ƙurɗuba da Garnaɗa

Kwana 3 sun isa ganin Ishbiliya ba gaggawa. Wanda ya ke da ƙarin kwana ya je Ƙurɗuba, tafiyar minti 45 a jirgin ƙasa, ya ga masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara wajen 785. Coci ne yanzu, masu gadi ba su barin a yi salla ciki, gara mutum ya san haka tun daga gida da ya ji a bakinsu. Garnaɗa, wadda ta fita hannun Musulmi a 1492, tafiyar sa'a 2 da rabi ce zuwa 3, tikitin fadar Alhamra kuwa ya kan ƙare makonni kafin ranar, don haka shi ya kamata a fara saya, sa'an nan a tsara sauran tafiyar a kansa.

Masu iya magana sun ce in mutum ya je gari ya ga kowa da wutsiya, ya nemi tsumma ya ɗaura. Tsumman Ishbiliya ba shi da tsada: neman biza da wuri, sayen tikiti da wuri, fita da safe, kwanciya da rana, cin abinci sa'ad da 'yan gari su ke ci. Allah ya kai matafiyi lafiya, ya komo da shi lafiya.